Tukwane Bakwai

Mahaifina Wendell ya gina ta shekarar da aka haife ni,
a bakin dajin Oregon, inda ruwa ba ya gajiya da sauka.
Malamin lissafi ne, bai taɓa riƙe guduma ba.
Ya yanka alwatika ɗari da sittin da zarton aro,
ya ɗora wannan a kafaɗar wancan
har suka haɗe sama kamar ƙwarya a kife.
Maƙwabta suka zo kallo, suka koma da dariya:
gida ba ginshiƙi,
ba ko lungun jingina tsintsiya.

Tun daminar farko take yoyo.
Mahaifiyata Lorna ta san kowane ɗigo da muryarsa,
tukwane bakwai take jerawa in hadari ya haɗo,
ta ce ƙaramar ta fi iya waƙa.

Yau shekara hamsin da ɗoriya.
Shi yana kwance bayan coci,
ni ina kan tsani.

Katakon farko ya marmashe a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi.
A bayansa rubutun fensir:
lissafin da ya soke, da gyaran da ya yi,
gyaran ma kuskure ne.
Na zauna kan tsanin ina dariya
har ta koma wani abu dabam.

Masu adana tarihi suka zo da takardu,
suka ce kada a sauya ko noti ɗaya.
Thaddeus kafinta ya zare ƙusa daga bakinsa:
"Tsatsar ma tarihi ce? To a bar ta ta ƙoshi."
Aka ja, aka saki, aka daidaita:
sabon katako a waje,
rubutun tsoho a ciki, yana kallon ɗaki.

Ba a cire biyu lokaci guda.
Kowane katako ana bin sa bashi, shi ma yana bi;
ka zare ɗaya, sauran su yi nishi.
Haka muka bi ta, bazara biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Jiya da dare ruwa ya sauka har asuba.
Ko ɗigo.
Na sauko na tarar da Lorna zaune a duhu,
ta ajiye ƙaramar tukunya a gurbinta na da.
Ta ce, "Kun gyara,
amma shirun ya hana ni barci."