Waya ta Uku

Tanimu ya kawo famfonsa daga Dakace,
ɗaure a bayan babur, lakar Galma ba ta bushe ba.
Ya ce, "Kwana uku tumatir bai sha ba.
Rana na dukan farantin sola, shi kuwa sai gurnani,
ya yi gaba kaɗan, ya ja baya, ya cije,
kamar jakin da ya hango gada."

Baba Cindo ya juya shi da yatsunsa shida.
Shekara talatin yana naɗin koyil a Sabon Gari,
fanka, injin markaɗe, janareton masu aski,
duk abin da ya ƙone, hancinsa ke fara sani.
Ya sansana. Babu ƙauri.
"Lafiyarsa lau," in ji shi,
"sai dai bai san inda yake ba."

Shi da wasa ya faɗa.
Ni kuwa abin da nake kwana a kai ke nan a Samaru.

A cikin cikinsa akwai maganaɗisu,
kulle a ƙarfe, ba taga,
fuska biyu gare shi, kudu da arewa.
Koyil sun kewaye shi kamar mata a bakin turmi:
kowace da lokacin saukar taɓaryarta,
wadda ta riga, ta doki ta 'yar'uwarta.
Kafin ka ja shi, sai ka san ina ya fuskanta.

Injin da ke tudu ana dasa masa idanu uku,
kowanne bai fi ƙwayar dawa ba.
Na ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ƙarko a can.
Sai kunne.

Waya uku ke sauka zuwa gare shi.
Biyu a ba su wuta.
Ta uku a bar ta haka nan, ba ci ba sha,
ita ce mai saurare.
In maganaɗisu ya gifta ta gabanta
yakan bar mata 'yar murya,
ita kuma ta hau da labari:
ga shi nan, ya wuce, yanzu ku ja.

Matsalar ɗaya ce, wanda ke tsaye ba shi da amo.
Sai ka bi ƙofofi kana ƙwanƙwasawa a hankali,
ɗan bugu, ka janye,
ɗan bugu, ka janye,
inda wuta ta fi saurin shiga, can ya juya.

Na buɗe akwatin. Tururuwa sun yi gida,
kore ya cinye ƙafar wani ɗan abu
da bai kai naira hamsin ba.
Kunnen ne ya toshe.
Na ɗiga dalma, muka tsoma shi a durom,
ya yi tari sau ɗaya,
ruwa ya wanke wandon Tanimu har gwiwa
yana dariya yana neman ragi.

Tun da Inna ta rasu da ƙaramar salla,
Baba ba ya zancen komai sai tsadar jan waya.
Mu biyar muka sa shi tsakiya:
ci abinci, je asibiti,
rufe shagon ka koma wajen Yaya a Kaduna.
Ya yi gaba kaɗan, ya ja baya.

Daren nan da muka ja ƙofa
ban ce masa komai ba.
Na riƙe jakar, na bi shi a baya,
muka tsallaka titin jirgi.
Can ya ce, bai waiwayo ba,
"Wadda ba a ba ta komai, ita ke ji?"
Na ce ita ce.

Wajen mai ƙosai ya rage tafiya,
ya daɗe yana duban man da ke tafasa.
"Nan uwarki ke tsayar da ni," ya ce,
"ko ba ta jin yunwa."

Magana ta zo mini har baki, na mayar.
Na dai lura da inda ya fuskanta.