Mabuɗin Ɗakin Malam

Shekara uku ke nan ban buɗe ɗakin ba.
Mabuɗin na nan a bakin zanina,
ƙulli biyu, kamar kuɗin cefane.

Bana marka ta zauna mana a Zariya,
kwana tara ba mu ga idon rana ba.
Kubanni ta cika ta tumbatsa,
indararon soro ya karye daren Talata,
ruwa ya rasa hanya, ya bi bango ya shige.
Shi ruwa ba ya sallama.

Nusaiba, jikata, a bayan bangon take kwana.
Tari ya fara mata kamar wasa,
sai dare, sai an idar da lisha.
Na jiƙa kanumfari, na dafa citta da zuma,
na murza mata man zafi a ƙirji,
tari ya ce bai san zancen ba.
Wata asuba na kasa kunne:
ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa a cikin buhu,
ido jawur, hanci na zuba,
tana jawo iska kamar mai jan guga a rijiyar rani.

A Shika, wata ma'aikaciya, Rifkatu,
ta daɗe tana sauraron bayan yarinyar.
Ba ta tambayi abin da muke ci ba.
Ta ce, "Mama, gidanku na warin danshi?
Akwai baƙi-baƙi a jikin bango?"
Na ce babu.
Na yi ƙarya ban sani ba.

Da la'asar na kwance ƙullin.

Wari ne ya fara yi mini maraba,
warin randar da aka manta a rufe.
Hunhuna ta kafa gari a kusurwa,
baƙa daga ƙasa, kore-kore ta sama,
fara sol kamar audugar rimi a jikin gafaka.
Ta cinye buzun da yake salla,
ta hau rigar da ya sa ranar sunan Nusaiba,
ta bi aska takwas ɗin zare bayan zare
sai ka ce ita ta yi ɗinkin.
Takardu sun manne, tawada ta gudu,
ɗan rubutun da yake yi a gefen shafi
ya koma inuwa.

Ni da na kulle don kada kome ya taɓa shi.
Ashe baƙuwa na bai wa ɗaki, ba haya,
tana aika wa yarinya saƙo ta tsagar bango,
ƙurar da ido ba ya gani, huhu ke karɓa.

Na tura Nusaiba gun gwaggonta a Tudun Jukun.
Tanimu magini ya zo, ya ƙwanƙwasa bangon,
ya ce, "Kada ki yarda a shafe ta da fenti,
a ƙarƙashi za ta kwanta tana dariya.
A fara kashe yoyo."
Ya ɗaura sabon indararo, ya kankare har sai da ƙasa ta fito,
ya fasa tagar da Malam ya sha cewa zai fasa.
Na ɗaure hanci da ɗankwali,
na goge da sabulu har yatsuna suka yi fari.
Buzu ya tafi. Riga ta tafi. Ban kalla ba.
Takardun da suka ruɓe, liman ya ce a binne a wuri mai tsarki.
Sauran na shanya a tabarma,
kowace da ɗan dutse a kanta,
rana na karanta su ɗaya-ɗaya.

Na yi kuka, ban ce ban yi ba,
irin wanda ban samu yi ranar jana'iza ba.

Jiya Nusaiba ta dawo.
Tsakar dare na tashi, na tsaya a kanta, na kasa kunne.
Kwaɗi ne kawai a kududdufi,
sai numfashi, yana shiga yana fita,
ba ya neman izinin kowa.

Ƙofar Malam a buɗe ta kwana.
Mabuɗin kuwa, da safe na gan shi a wuyan 'yartsanarta.
Na bar mata.