Taga Ta Bakwai

A shagona, bakin titin Ali Ɗan Sofo,
akwai wata tsohuwa ƴar Kwatano
da na saya jikka sittin, shekarar da na haifi Cima.
Cima yanzu ta kai aji shida.
Tsohuwar na nan, sai ta yi tari da safe
kafin ta buɗe ido.

Rabe mai gyara ya sha faɗa mini:
"Habsu, maginan da suka yi mata ɗaki
sun daina zuwa yaɓe.
Sun yi shela, sun kwashe kayan aikinsu.
Duk tsagar da ta fito daga yau
ke da ƙadangare ne."

Na ce, tana bugawa? Ya ce tana bugawa.
Tana buɗe takarda? Tana buɗewa.
To wa ke kai lafiyayye likita?
Ga kuɗin haya, ga tawada, ga bashin wuta.
Na ce sai bayan salla.
Salla bakwai ta wuce.

Ni kuwa ina ta ɗura mata amanar mutane:
katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa,
takardun filin Alhaji Tsalha,
wasiƙar wata mai takaba da ke neman haƙƙin mijinta.
Kowa da ɗan kilensa a aljihu,
ya soka, ya zare, ya tafi,
kamar masu sha da moɗa ɗaya.

Ranar Talata wuta ta dawo bayan la'asar.
Na kunna. Ba ta ko yi tari ba.
Fuskarta ja wur,
da wani Faransanci mai ladabi:
an kulle komai, a biya kafin kwana uku,
da irin kuɗin da ba a canzawa a babbar kasuwa.

Na fita na duba ƙofa, don wauta.
Kwaɗo biyu, ko ƙwarzane babu.
Mai gadi ya rantse bai runtsa ba,
kuma gaskiya ya faɗa.
Ɓarawon bai taka ƙasar Maraɗi ba,
bai san zafinta ba, bai san sunana ba.
Tagogi yake bi yana turawa,
tawa ce ta buɗe.

Bara'atu ce ban iya kallo ba.
Shafi tasa'in da huɗu kan ƙwaron wake a rumbu,
damina biyu tana yawo a ƙauyukan gulbi,
saura mako ta tsaya gaban malamanta.

Rabe bai ce "na faɗa miki" ba.
Gara ma ya ce.
Ya ajiye mini tasa aro, ya tafi.

Yanzu dare ya raba.
Tana karanto mini daga tsofaffin kayenta,
ina bugawa. Muna shafi na sha ɗaya.
Wannan ko ba komai zai dawo.

Fuskokin nan fa na jikin katin,
da lambobinsu, da sunan uwa da uba,
yau a hannun wa suka kwana?