Ƙirga Goma

Daga Agege zuwa Akoka mota biyu ce,
ranar da hanya ta yi fushi, uku.
Littafi a cinyata, gwiwar wani a haƙarƙarina,
kwandasta na lilo a ƙofar danfo
yana yi wa marar canji tsawa.
Garin da kowa ke magana lokaci guda,
nan na zo koyon saurare.

Ranar farko Madam Oyelaran ta ce:
"Ku jingine nasiha a bakin ƙofa tare da laima.
Wanda zai zauna gabanku
ya riga ya sha wa'azi ya ƙoshi.
In ya yi shiru, ku ƙirga goma a zuci,
kada ku cike masa ramin."
Na yi dariya cikin mayafi.
A gidanmu shawara gishiri ce,
ba a sauke tukunya babu ita.

Wata shida ina haddar sunayen masana,
wane ya ce yarinta ce tushen komai,
wane ya ce a'a, tunani ke jan akala.
Na ci jarrabawa. Na ɗauka na iya.

Sai aka tura ni wata sakandare a Mushin,
ɗan ɗaki bayan ofishin shugaba,
fanka mai fiffike biyu, kujera mai ɗingishi.
Aka kawo Sunkanmi, wai barci yake a aji.
Na tanadar masa jawabi mai kai da ƙafa.
Ya zuba wa takalminsa ido.
Na tuna, na fara.
Ɗaya. Biyu. Janareton maƙwabta na tari.
Biyar, harshena na ƙaiƙayi.
Takwas.
"Anti, da dare nake sauke buhunan shinkafa a Daleko."
Jawabina ya narke kamar ƙanƙara a hannun mai talla.
Ban gyara komai ba ranar.
Na dai rubuta a fayil: ba lalaci ba ne, gajiya ce.

Da magariba Baba ya dawo daga mayanka,
ya wanke hannu har gwiwa, ya hau bencinsa,
ya ɗauko labarin da na ji sau ɗari:
yadda ya sauka Ikko a bayan motar shanu,
shi da ƙanensa Sallau, bargo ɗaya tsakaninsu.
A nan kullum nake cewa, "Baba, ai ka faɗa mana,"
ko Inna ta ce tuwo zai huce.
Yau Inna ta shiga maƙwabta barka.
Ni kuma na kama bakina.

Ya kai inda yake tsayawa, ya tsaya.
Jirgin sama ya ratsa kanmu zuwa Ikeja.
Shida. Bakwai.
Sauro ya sauka a hannuna, na bar shi ya sha.
Tara.

"Ni na ce ya zo," in ji Baba.
"Shi gona yake so. Ni na matsa masa."

Bai ambaci ruwan da ya ci Sallau ba,
ni ma ban taɓo ba.
Shekara talatin da ɗaya maganar na tsaye a tsakar gidanmu
kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba,
muna kewaye ta da kwanuka a hannu.

Littafi ya hana mu duba na gida,
akwai babi guda, na ja masa layi da jan biro.
To, ban duba shi ba. Zama kawai na yi.

Da aka kira isha ya laluba takalmi da ƙafa,
ya goge fuska da hula, ya ce,
"Wai wannan karatun naku, me ake koya muku?"
Na ce, "Ƙirga, Baba."
Ya dube ni har na tsargu.
"Ƙirga," ya ce. "Har Akoka."
Ya fita yana girgiza kai,
ya bar ƙofar a buɗe.