Fenti a Kan Roba

Ni ne Eusebio Canché, masunci a tsibirin Holbox,
shekara arba'in ina jan koma kafin gwiwa ta ce haba.
Na sayar da kwalekwale, na sayi 'yar motar golf
a hannun wani otal da ya gaji da ita,
ni da ko sandar golf ban taɓa riƙewa ba.

Da fara ce, ta koma launin haƙorin mai shan taba,
gishirin teku ya cinye kujera,
lambar otal, goma sha bakwai, na manne a gaba.

Na ce fenti ai fenti ne.
Na ɗauko ragowar na jirgi, na tsoma buroshi,
na shafe ta tas ranar Laraba.
Kwana shida tana ƙyalli.
A na bakwai muka faɗa rami a hanyar yashi,
jikinta ya lanƙwasa ya dawo, fentin bai dawo ba.
Ya ɗaɗɗago kamar saɓar maciji,
yara na bina suna ɓara,
Fulgencio mai kanti ya yi dariya har ya kasa duba.

Jikata Nicté ta zo hutu daga Mérida,
ta sa farce ta ɗaga ɓawo guda, ta ce,
"Kaka, katako yana shan fenti, ƙarfe yana haƙuri,
wannan kuwa ba ta san kowa ba, sunanta roba.
Sai an lallashe ta."

Muka kwance murfin gaba, muka cire na baya,
kusoshi cikin gwangwanin kifi, ba mu ƙirga ba.
Ta tsaya tsirara, batura shida a fili,
kamar kifin da aka feɗe ba a dafa ba.
Wanki da sabulu, sannan wani wankin,
don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya raba.
Sai gugar samfefa mai laushi, da ruwa,
har santsi ya mutu, jiki ya yi dishi-dishi.
Na ce, "Mun ɓata ta."
Ta ce, "Mai santsi bai taɓa riƙe komai ba."

Feshin farko ba launi gare shi ba, na kama jiki ne,
siriri kamar numfashi a kan madubi.
Na matsa kusa, na danna da ƙarfin mai jan igiya,
fenti ya yi hawaye, ya zuba.
"Ja da baya, Kaka. Hannu ya riga yatsa tafiya."
Muka goge, muka sake.
Shafi uku, tsakanin kowanne zaman jira.
Na kwana bisa ruwa ina jiran kifi sau dubu,
ashe ban san jira ba.

Launin shuɗi ne mai sirkin kore,
irin na ruwan bayan gada da tsakar rana,
irin na jirgina, ko da yake ban faɗa mata ba.

A shafin ƙarshe sauro ya sauka ya manne,
ƙafafu a miƙe, daidai goshin gaba.
Nicté ta kai hannu ga samfefa, na riƙe ta.
Ɗan gari ne, ya daɗe yana shan jinina,
yau ya zo biyan bashi, ba zan kore shi ba.
Muka fesa mai ƙyalli a kansa.

Inda masu kuɗi ke ɗaure jakar sanduna
na ɗaure akwatin ƙanƙara.
Bututun ruwa biyu suka zama mariƙin fatsa,
tsohuwar filafilan jirgi ta rufe kujera,
ƙararrawar kwalekwale ta maye gurbin oda,
don mai sayen jirgin bai tambaye ta ba.

Da muka mayar da komai, kusa ɗaya ta rage.
Tana aljihuna. Har yau ba abin da ya faɗi.

Jiya na bi ta kan ramin nan da gangan.
Jikin ya lanƙwasa, launin ya bi shi, suka dawo tare.
Fulgencio ya fito, ya shafa, ya sa farce a ɓoye,
ya ce, "Akwai sauro a fentinka."
Na ce, "Fasinja ne."
Na kaɗa ƙararrawa, na yi gaba.