Zoben da Ba Ya Ƙamshi

A Uppsala rana ta faɗi tun ƙarfe uku,
ƙanƙara ta binne kekunan bakin kogi.
Gunnel ta kashe fitilun ɗakin gwaji,
ta bar leza kaɗai, ɗan koren ido cikin duhu.

A kwalba akwai zobe na zarrar gawayi,
ya tallabi ƙwallo mai kusurwa sittin
yadda gammo ke tallabar tulu.
Magabata sun ce zoben mai ƙamshi ne.
Shekara talatin tana shinshinawa, ba ta ji komai ba.
Sunan ya zauna, ma'anar ta yi ƙaura:
mai ƙamshi shi ne wanda hankalinsa ya kwanta,
'ya'yan lantarkinsa shida suna kewaye,
ba na wane, ba na wance,
akushi ɗaya, kowa da hannunsa ciki.

Irin wannan zobe marowaci ne.
Haska shi, roƙe shi ɗa guda,
sai ya yi nauyin hannu.
Wa zai rushe gidan da ya ginu?
Ɗan'uwansa kuwa mai 'ya'ya takwas,
wanda bai taɓa barci da ido biyu rufe ba,
haske na taɓa shi ya miƙa wa ƙwallo
tun ƙiftawar ido ba ta ɗaura niyya ba.

Tuva, ɗalibarta, ta ɗora yatsa kan allo:
"Wannan fa? Mai shida ne, ga shi ya saki."
Gunnel ta goge tabarau da gefen riga.
"Haske ya hau da shi bene.
A can doka juyewa take yi,
natsattse ya zama mai zumuɗi,
mai zumuɗi ya sami tabarma."

Ba ta ce mata su ma shida ne a teburinsu ba,
har bazarar da rana ta ƙi faɗuwa,
Arvid ya ɗauki jaka ya nufi ma'adinan Kiruna.

"Rubuta," ta ce. "Ba tafiyar muke aunawa ba,
daɗewar ce.
In ya koma gida da wuri, zafi kawai aka samu.
Sai ya jima a waje waya ke ɗaukar wuta."

Tuva ta rubuta lambar, sifili-sifili a gabanta.
Kofi ya huce a bakin taga.
Gunnel ta duba wayarta, ta kife ta,
ta ce, "Sake haskawa."