Shafi na Ɗari da Sha Biyar

A Tudun Wada, bayan gidan man kwana,
shagon Luba, inda keken ɗinki ke hutawa da rana,
mu biyar muka taru kan littafi guda,
bangonsa ya sha man ƙuli, ya sha gumin hannu.

Fasinjar Ƙarfe Biyu, sunansa ke nan.
Nas ce, ta tashi daga aikin dare,
ta tare Napep a bakin asibiti.
Direba dogo, sai ƙamshin turare,
bai tambayi unguwa ba ya kai ta ƙofar gida.
Sai a shafi na arba'in ta leƙa ƙasa
ta ga kofato a kan birki.

Rumasa'u ta dafe ƙirji: "Ni dai ya gama da ni.
Shekara ɗari bakwai yana yawon duniya,
bai taɓa ce wa mace 'ina zuwa' ya ɓace ba."
Luba ta ciji zare ta tofar:
"Ke, ɓacewa ai ita ce sana'ar gidansu."

"Ku dakata," in ji Sahabi mai guga,
wanda ya rantse ba ya karatun mata
alhali ya haddace lambar kowane shafi.
"Na yarda da kofato, na yarda yana ratsa bango,
na yarda yana jin kiranta daga Kwatarkwashi.
Amma Napep ta yi wata uku a garin Gusau
ba ta taɓa shiga layin mai ba?
Nan marubuciya ta shara mana ƙarya."

Inno Kulu, da ta zo karɓar zane tun hantsi,
ita tana bayan ɗayan ne,
mai tsiren Sabon Gari
da ke rikiɗa kura duk daren Alhamis.
"Wanga shi am miji," ta ce.
"Kwana shidda mutum, dare guda dabba.
Nawa Malam, Allah jiƙan shi,
lissahin nai a juye yake."

Muka shiga shirin biki kamar an gayyace mu.
Wa zai karɓi auren, tsamiya ko kuka?
Lefen da ya sauka da tsakar dare,
in gari ya waye ya koma ganyen mangwaro,
a wace kotu za a kai ƙara?
Ran haihuwa kuma, ungozoma
fuska za ta fara dubawa ko ƙafa?

Sai rigimar ɗari da sha huɗu.
Ruwa ya tsare su ƙarƙashin gada,
ya cire hula, ta ce ya saki labule,
ka juya, sai ɗari da sha bakwai,
ga su suna shan koko da safe.
Wani ya yage takardar tsakiya.
Kowa ya kalli kowa.
Sahabi ya kalli dutsen guga.
Inno Kulu ta gyara zama,
lalitarta ta yi ƙaras.
"Don tarbiyyarku na ɗauke ta."
"Sau nawa kika karanta, Inno?"
"Tara. Sai da na tabbata ba ta dace ba."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta.
Napep ta gangaro ƙofar shago,
ba fitila, ba ƙarar inji.
Rumasa'u, wadda ya gama da ita,
ta rigaya kowa shiga ƙarƙashin tebur
tana jero a'uzu ba numfashi.

Na haska ƙafar direba da waya:
silifas, ɗaya ja, ɗaya shuɗi.
Lawali ne, ƙanen Luba,
mai ya ƙare masa tun daga kwana,
wai a fito a taya shi turi.

Sahabi ya naɗe hannun riga yana murmushi:
"Kun gani ko? Ga Napep ta gaskiya."